Umaru Musa 'Yar'adua: Malamin Da Ya Yi Mulki Shekara Uku, Da Abin Da Rasuwarsa Ta Jawo Wa Kafanchan

Ranar Alhamis, 20 ga Mayu 2010, aka rantsar da Patrick Ibrahim Yakowa gwamnan Jihar Kaduna. Mutumin Fadan Kagoma ne, cikin ƙaramar hukumar Jama'a wadda Kafanchan ce hedikwatarta, kuma shi ne ɗan Kudancin Kaduna na farko da ya hau wannan kujera a mulkin farar hula. Abin da ya kai shi nan kuwa rasuwa ce da aka yi mako biyu kafin ranar, a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja. Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya cika, mataimakinsa Goodluck Jonathan ya gaje shi, Jonathan ya ɗauko gwamnan Kaduna Namadi Sambo ya zama mataimakinsa, kujerar Kaduna ta faɗo wa Yakowa. Duk mai dangi a Kafanchan, Zonkwa ko Kagoro ya san daga nan lissafin siyasar yankin ya sauya, ya kuma san abin da ya biyo baya kafin shekara ta zagayo.

Shi ya sa in ana ba da tarihin Umaru, mu mazauna Kudu muna da dalilin kasa kunne. Bahaushen Sabo a Ibadan, da na Agege, da na Ama Hausa a Owerri, da Bahaushen Kafanchan, abu ɗaya ke ci musu tuwo a ƙwarya: ko kakanka a garin aka haife shi, ranar da siyasa ta yi zafi sai a tuna maka kai baƙo ne. Yadda shugaban ƙasa ya hau, da yadda ya bar kujerar, na iya zama sanadin ka kwana lafiya ko ka wayi gari shagonka ya zama toka.

An haifi Umaru a birnin Katsina ranar 16 ga Agusta 1951, a gidan da ya haɗa sarauta da boko. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'adua, shi ne Mutawallen Katsina, kuma ministan harkokin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Masu zirga-zirga a Victoria Island sun san titin da ke ɗauke da sunansa har yau. Yayansa Shehu soja ne, wanda ya zama na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Umaru ya yi firamare a Rafukka da Dutsin-ma, ya tafi Kwalejin Gwamnati ta Keffi daga 1965 zuwa 1969, sannan Barewa a Zariya, sannan Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya karanta kimiyyar sinadarai da koyarwa, ya gama a 1975. A shekarar ya auri Turai. Bautar ƙasa ta kai shi Legas, ya koyar a Holy Child College, makarantar 'yan mata ta Katolika da ke kusa da Obalende. Ke nan shi ma ya ɗanɗani zaman Kudu, ko da na shekara ɗaya ne. Daga nan ya koma Zariya yana koyarwa, ya yi digiri na biyu a 1978, ya ci gaba da riƙe alli a Katsina har 1983.

Wani abin mamaki a ƙuruciyarsa shi ne ɓangaren da ya zaɓa a siyasa. A Jamhuriya ta Biyu mahaifinsa babban jigo ne a NPN, jam'iyyar masu mulki da sarakuna. Shi kuwa ɗan sai ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa. A Arewa ta wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne ɗan Mutawalle ya tsaya a layin da ke sukar gidan da ya fito. Waɗanda suka san shi daga baya suna danganta sauƙin kansa da rashin son ƙawa da wannan tarbiyya ta zamanin jami'a.

Ya bar koyarwa ya riƙe gonar Sambo Farms a Funtuwa, ya shiga majalisar tsara tsarin mulki a 1988, ya bi tafiyar siyasar yayansa har cikin SDP. A 1991 ya nemi gwamnan Katsina, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Sai babban rashi ya zo: gwamnatin Abacha ta ɗaure Shehu a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Rundunar siyasar da Shehu ya gina tana cikin waɗanda suka haɗu aka kafa PDP, kuma a ƙarƙashinta Umaru ya ci gwamnan Katsina a 1999, ya sake ci a 2003.

A shekara takwas ɗinsa na Katsina an san shi da abu biyu: ya bayyana kadarorinsa a fili alhali babu dokar da ta tilasta masa wallafa su, kuma yana riƙe baitulmali da ƙarfi har wasu na kiransa marowaci. Ya gina makarantu da hanyoyi, ya kafa jami'ar jiha wadda yau take ɗauke da sunansa. A 2000 Katsina ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a, amma bai mayar da abin dandalin kamfen ba. A wannan shekara ce kuma ciwon ƙoda ya fara kwantar da shi har aka fita da shi waje. Ba ya yawan zuwa Abuja, ba ya yawan magana da 'yan jarida. Gaskiya, kafin ƙarshen 2006 mutane da yawa a Kudu sunan yayansa kawai suka sani.

To yaya aka yi ya zama ɗan takara? A watan Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar tazarce. Obasanjo ya riga ya raba gari da mataimakinsa Atiku Abubakar, kuma bisa tsarin karɓa-karɓa na PDP mulki zai koma Arewa. Sai ya ɗauko ƙanen tsohon amininsa. Manyan gwamnonin da ke neman kujerar suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu kam ba da son ransu ba, aka yi zaɓen fid da gwani a Disamba 2006, Umaru ya lashe da rata mai yawa, aka haɗa shi da gwamnan Bayelsa Goodluck Jonathan. A Maris 2007, ana tsakiyar kamfen, aka garzaya da shi Jamus, jita-jita ta cika ƙasa cewa ya rasu, har sai da Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taron jama'a domin a ji muryarsa. Tun ranar ya kamata a gane cewa lafiyar mutumin nan za ta zama maganar ƙasa baki ɗaya.

Zaɓen 21 ga Afrilu 2007 ba abin alfahari ba ne, kuma babu amfanin ɓoye wannan don ana ƙaunar marigayin. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Maurice Iwu ta cire sunan Atiku, Kotun Ƙoli ta ce a mayar da shi saura kwana biyar a yi zaɓe, aka sake buga takardun ƙuri'a cikin gaggawa ba tare da lambobin tantancewa ba. A wurare da dama kayan zaɓe ba su iso da wuri ba, a wasu ba su iso ba sam, amma aka sanar da sakamako. Aka ce Umaru ya samu ƙuri'a miliyan 24 da ɗoriya, wajen kashi 70 cikin ɗari, Muhammadu Buhari na ANPP miliyan 6 da ɗoriya, Atiku na AC miliyan 2 da ɗoriya. Masu sa ido na Tarayyar Turai suka ce zaɓen bai kai ko mafi ƙarancin mizanin da duniya ta yarda da shi ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran waɗanda maguɗi ya taɓa ɗorawa shi ne, ranar rantsuwa, 29 ga Mayu 2007, ya tsaya a dandalin Eagle Square ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya yi alkawarin gyara. Wannan ne karo na farko a tarihin Najeriya da farar hula ya miƙa wa farar hula mulki bayan kammala wa'adi, kuma shi ne shugaba mai cikakken iko na farko da ya yi digiri a jami'a. A Agusta ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya miƙa rahoto a Disamba 2008, ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a sa majalisar kula da harkokin shari'a ta tace sunaye, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe. Nan fa gizo ya yi saƙa. Gwamnatinsa da kanta ta ƙi amincewa da waccan shawara ta farko, wadda ita ce zuciyar rahoton, kuma Iwu ya ci gaba da zama a kujerarsa har bayan Umaru ya kwanta ciwon ajali. Wanda ya yaba masa kan faɗin gaskiya, ya kamata ya riƙe wannan ma a lissafi.

A kotu kuwa da ƙyar ya sha. Ranar 12 ga Disamba 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓensa a ƙarar Buhari da alƙalai huɗu, uku suka ce a soke: George Oguntade, Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen. Amma a ba shi haƙƙinsa, bai tare wa kotuna hanya ba ko da hukuncinsu ya taɓa jam'iyyarsa. Wata guda bai yi a ofis ba Kotun Ƙoli ta mayar da Peter Obi kujerar Anambra, ya ba da umarni a bi. Haka Rotimi Amaechi ya hau a Ribas, Adams Oshiomhole a Edo a 2008, Olusegun Mimiko a Ondo a 2009. Wanda ya zauna a Anacha ko Benin a shekarun nan ya san yadda gari ke lafawa idan mutane suka ga hukuncin kotu ya yi aiki.

Watanninsa na farko su ne mafi daɗi ga talaka. Obasanjo ya tafi ya bar ƙarin kuɗin fetur daga naira 65 zuwa 75, ya ninka harajin VAT, ya kuma sayar da matatun mai na Kaduna da Fatakwal. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki a Yuni 2007. Umaru ya mayar da fetur naira 70, ya janye ƙarin harajin, cinikin matatun ya rushe, sannan a Janairu 2009, da farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, ya sake sauke litar zuwa 65. Direban da ke ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa Mile 12, ko shanu zuwa Lokpanta, bai manta da wannan ba, don a ƙasar nan ba a saba ganin farashi ya hau ya sauko ba. Ya wallafa kadarorinsa, kimanin naira miliyan 856. Ya kuma saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da Obasanjo ya riƙe tun rigimarsa da Bola Tinubu kan ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, duk da cewa jihar tana hannun 'yan adawa.

Ya zo da ƙudurori bakwai: wutar lantarki, abinci da noma, samar da arziki da aikin yi, sufuri, gyaran dokar filaye, tsaro, da ilimi. A nan ne aka fi ganin rauninsa. Komai sai an kafa kwamiti, komai sai an sake dubawa, har 'yan Legas suka laƙaba masa Baba Go-slow. Ya ce an kashe dala biliyan 10 a harkar lantarki zamanin wanda ya gada ba a ga wuta ba, ya yi alkawarin megawat 6,000 kafin ƙarshen 2009, ba a kai ba. Kwangilar sabon layin dogo daga Legas zuwa Kano da aka ba kamfanin China a 2006 aka dakatar da ita domin sake lissafi. Mutanen Kafanchan sun fi kowa jin wannan a jikinsu. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi tun shekarun 1920, nan layin Fatakwal da Inugu da Makurɗi ke rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, kuma ta wannan layi kakannin da yawa daga cikinmu suka gangara Gabas da fatauci. Har Umaru ya rasu tashar ba ta farfaɗo ba.

A yaƙi da cin hanci ma akwai tabo. An ɗauke Nuhu Ribadu daga EFCC a ƙarshen 2007, jim kaɗan bayan hukumar ta kama tsohon gwamnan Delta James Ibori, wanda kowa ya san rawar da ya taka a kamfen ɗin Umaru. Ministan shari'a Michael Aondoakaa ya sha zargin kare manya. A ɗaya gefen, ministar lafiya da ƙaramin ministanta sun sauka a 2008 kan rabon ragowar kuɗin kasafi, kuma shi ne ya naɗa Sanusi Lamiɗo Sanusi gwamnan Babban Banki a Yuni 2009. Wata biyu bayan nan Sanusi ya kori shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Ba don shugaban ƙasa ya tsaya masa ba, da wuya ya iya.

Babban aikin da za a daɗe ana tuna shi da shi yana Neja Delta. Lokacin da ya hau, tsageru na fasa bututu, suna sace ma'aikatan mai, haƙo mai ya ragu ƙwarai, Fatakwal ta zama garin da ake rufe shago tun kafin magariba. Ya kafa ma'aikatar Neja Delta a 2008. A Mayu 2009 sojoji suka afka wa sansanonin Tompolo a yankin Gbaramatu, fararen hula da yawa suka tsere cikin daji. Bayan ya nuna ƙarfi sai ya miƙa hannu: ranar 25 ga Yuni 2009 ya yi shelar afuwa ga duk wanda ya ajiye makami cikin kwana sittin, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba. Ya saki Henry Okah. Boyloaf, Ateke Tom, Farah Dagogo da Tompolo duk suka miƙa makamai, fiye da mutum 20,000 suka yi rajista a zagayen farko, ana biyan kowa naira 65,000 a wata tare da koyon sana'a. Masu suka sun ce an saka wa masu bindiga an bar masu haƙuri, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma mai ya dawo yana gudana, 'yan kasuwarmu na Fatakwal da Warri suka samu sararin numfashi. Abin lura, Bakatsine ne ya yi wannan, bayan shekarun da aka ƙone Odi.

Irin wannan haƙuri bai samu a Arewa ba. A Nuwamba 2008 zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya rikiɗe ya zama faɗan da ya ci ɗaruruwan rayuka, kan tsohuwar tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitinta, ta Filato ta kafa nata, aka tsaya jayayyar wa ke da hurumi, wutar ta sake tashi a Janairu da Maris 2010. Kafanchan ba ta da nisa da Jos, kuma ta san irin wannan tun rikicin Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, da na Mayu 1999 lokacin bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda. Sai kuma Yuli 2009: mabiya Muhammad Yusuf suka yi arangama da jami'an tsaro a Bauchi, abin ya bazu zuwa Maiduguri, Potiskum da Wudil. Umaru ya ba sojoji umarni su murƙushe su, ya hau jirgi ya tafi ziyara Brazil. Sojoji suka kama Yusuf da rai suka miƙa wa 'yan sanda, ranar 30 ga Yuli aka nuna gawarsa. Ya ce a yi bincike, amma har ya bar duniya ba a hukunta kowa ba. Abin da wannan kisa ya haifar, duk mun gani.

A harkar ƙasashen waje bai da ƙarfin jiki ko sha'awar yawon da Obasanjo ke yi. Ministansa Ojo Maduekwe ya ce manufar ita ce a sa mutuncin ɗan Najeriya a gaba duk inda yake. Ya je taron manyan ƙasashe takwas a Jamus a Yuni 2007, ya gana da George Bush a fadar White House a Disamba, ya dawo ya tarar da ce-ce-ku-ce kan ko ya amince da rundunar Amurka ta AFRICOM, har sai da ya fito ya bayyana cewa bai yarda a kafa sansani a Najeriya ba. Mafi nauyin shawararsa ita ce Bakassi. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin tun 2002, Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, Majalisar Dattawa ta ce ba a kawo mata ta amince ba. Duk da haka ranar 14 ga Agusta 2008 aka kammala miƙawa a Kalaba. Ya zaɓi cika alkawarin ƙasa a kan farin jini, dubban masunta kuma suka zama 'yan gudun hijira a Kuros Riba.

A Darfur sojojin Najeriya ne ƙashin bayan rundunar kiyaye zaman lafiya, kuma kwamandanta daga 2007 zuwa 2009 ɗan Kudancin Kaduna ne, Janar Martin Luther Agwai. Babban hafsan sojojin ƙasa a shekarar farko ta mulkin Umaru ma, Janar Luka Yusuf, daga ƙasar Kagoma ya fito. A ƙarshen 2008 Umaru ya zama shugaban ECOWAS. A ƙarƙashinsa ƙungiyar ta dakatar da Gini bayan juyin mulkin Dadis Camara, ta kuma dakatar da Nijar a Oktoba 2009 lokacin da Mamadou Tandja ya dage kan tazarce, aka tura Janar Abdulsalami Abubakar shiga tsakani. Ga Bakatsine, wanda Maraɗi ta fi masa Kaduna kusa, wannan ba shawara ce mai sauƙi ba. Shugaban Rasha Medvedev ya zo Abuja a Yuni 2009. Wata guda bayan haka Barack Obama ya zo Afirka ta Yamma ya sauka a Ghana ya tsallake Najeriya, kowa kuma ya fahimci saƙon: zaɓen 2007 ne ke bin mu. A Oktoba Najeriya ta samu kujerar wucin gadi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi Jidda, likitansa ya ce kumburin tantanin da ke lulluɓe da zuciya ne. Bai rubuta wa majalisa takardar miƙa ragama ga mataimakinsa ba, kuma tsarin mulki na lokacin bai tilasta masa ba. Ƙasa ta zauna babu direba. Sabon Alƙalin Alƙalai sai wanda zai gada ne ya rantsar da shi. Ranar Kirsimeti Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke shiga Detroit, Amurka ta sa matafiyan Najeriya cikin jerin masu tsananin bincike, babu shugaban da zai ɗaga waya. Na kusa da shi suka kewaye shi, ministoci da gwamnoni suka riƙa zuwa Jidda suna dawowa ba su gan shi ba. Ranar 12 ga Janairu 2010 aka ji muryarsa a BBC, a raunane, a daidai ranar da su Wole Soyinka suka yi zanga-zanga a Abuja. Da wannan hira majalisa ta kafa hujja ranar 9 ga Fabrairu, ta ce larura ta sa Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa. Ranar 24 ga wata aka shigo da Umaru Abuja cikin dare, sojoji sun tare filin jirgi, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba.

Mai adalci zai yi wuya ya ɗora wa majinyaci laifin abin da aka yi da sunansa a watannin nan. Amma mutumin da ya gina sunansa kan bin doka, ga shi takarda ɗaya da ba a rubuta ba ta kusa kifar da ƙasa, har sai da aka gyara tsarin mulki a 2010 aka sa wa'adin kwana 21. A watannin nan duk wani ɗan Arewa da ke Kudu ya sha tambaya a kasuwa da tasha, wai ina kuka ɓoye shugaban ƙasa, kamar da shi aka yi shawara. Waɗanda suka ga Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002 da Anacha a 2006 sun san inda irin wannan wasa kan ƙare, shi ya sa da yawa suka riƙa kwana da kunne ɗaya a rediyo.

Allah ya yi masa rasuwa daren Laraba, 5 ga Mayu 2010, yana da shekara 58. Washegari aka kai shi Katsina, aka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Rasuwarsa ta bar tambayar da PDP ta kasa amsawa cikin lalama: wa'adin Arewa ya ƙare da shi, ko saura shekara huɗu? Dattawan Arewa ƙarƙashin Adamu Ciroma suka tsayar da Atiku, Jonathan ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani a Janairu 2011, talakawan Arewa suka koma bayan Buhari a CPC. Aka yi zaɓe ranar 16 ga Afrilu. Masu sa ido sun ce ya fi na 2007 tsabta nesa ba kusa ba, amma zukata sun riga sun rabu bisa addini da yanki. Da sakamako ya fara nuna Jonathan, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, aka ƙona coci-coci da gidajen 'yan PDP, aka kashe Kiristoci, har da masu bautar ƙasa a Jihar Bauchi. Daren 18 ga Afrilu wutar ta isa Kudancin Kaduna. A Zonkwa, Matsirga da ƙauyukan kewaye aka yi wa Musulmi kisan gilla, a Kafanchan aka kwana ana faɗa, kowane ɓangare ya yi asarar rayuka, babbar kasuwar garin ta ƙone tare da masallatai, coci-coci da gidaje. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta fiye da mutum 800 a jihohi 12 cikin kwana uku, fiye da 500 daga cikinsu a Kudancin Kaduna, akasarinsu Musulmi. Dubbai suka ƙare a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu suka gangaro wurin 'yan uwa a nan Kudu, ba su sake komawa ba.

Saboda wannan rikici aka ɗage zaɓen gwamna a Kaduna zuwa 28 ga Afrilu, Yakowa ya kayar da Haruna Sa'id na CPC, ya samu wa'adin kansa. Jonathan ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu, ya miƙa rahoto a Oktoba 2011. Yakowa bai kammala wa'adin ba. Ranar 15 ga Disamba 2012 jirgin sama mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi da shi a dajin Bayelsa, tare da Janar Andrew Azazi, suna dawowa daga jana'iza. Washegari aka rantsar da mataimakinsa, Mukhtar Ramalan Yero, mutumin Zariya.